Jar Tawada a Ƙarƙashin Lalle

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. Tun ƙarfe goma na safe bango yake ɗaukar zafi, in ka jingina da shi sai ka zabura. Yaran yanzu suna ta ƙorafi wai ba a taɓa yin irinsa ba, ni kuwa sai dai in yi murmushi, don na san shi farin sani. Shekara talatin da uku rabona da shi, ya je ya zagayo ya same ni da furfura.

Ranar Talatar da ta wuce na leƙa gidanmu na gado a Koki, inda ƙanena Modu yake zaune da iyalinsa. Na tarar da 'yarsa Halima a ƙarƙashin rumfa, kwamfuta a kan cinya, fuska a murtuke. Ajin ƙarshe take a sakandare, tana neman gurbin karatun injiniya a wata jami'a mai tsananin zaɓe, irin wadda take ɗaukar ɗalibai kaɗan ta ɗauki nauyinsu gaba ɗaya. Ta cike fom ɗin kaf, saura wuri ɗaya, inda aka ce ta rubuta abin da ya bambanta ta da sauran masu nema.

"Gwaggo, kowa fa yana da maki irin nawa," in ji ta. "Me zan ce musu?"

Na karɓa na karanta abin da ta fara. Turanci ne mai santsi, wai ita shugaba ce tun tana ƙarama, kuma burinta ta sauya duniya. Na ce, "Wannan 'yar gidan wa ce? Ban san ta ba." Ta turo baki. A bayanta kuwa, jikin bango, fankoki masu caji ne guda biyar a jere da fitilu, duk na maƙwabta, wasu cikinsu a buɗe wayoyi sun leƙo. Ita take gyara su, ba wanda ya koya mata, kuma tun da zafin nan ya kankama matan unguwa suke aiko mata da su. Na nuna mata su da haɓa.

"Haba Gwaggo, wannan ai ba komai ba ne."

Sai na nemi tabarma na zauna, domin ni ma na taɓa ba da wannan amsar, ina da shekarunta, a cikin azumi irin wannan.

Mahaifinmu, Alaramma Bukar, marubucin Alƙur'ani ne. Kakanninsa daga Barno suka zo suka zauna a Koki. Barbarcin ya tsere mana, sai sunaye suka rage, shi ya sa nake Falmata, amma rubutun bai tsere ba. Da ka Malam yake rubutawa, ba ya duba littafi. Zai fara da baƙaƙe da baƙar tawada, sannan a dawo a bi su da ja a sa wasali, daga ƙarshe a yi zayyana, wato adon nan na da'ira cikin da'ira da ake yi a gefen shafi da kan surori.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da hakan yake nufi. Bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. "Yarinyar nan" nake. In yana son in kawo ruwa Inna yake gaya wa, ko da ina tsaye a gabansa. Ni ma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a lokacin ban ga abin da ta rage ni da shi ba.

Ina aji huɗu a sakandare idonsa ya fara tafiya. Baƙaƙen ba su gagare shi ba, hannunsa ya san hanya, in ya fito hasken hantsi ya kusanto da fuska sai ya yi ta zuba su kamar dā. Jan ne ya ɓace masa. Da farko cewa ya yi tawadar ta yi ruwa. Inna ta haɗa wata, ya ce ita ma ba ta fita. Wata safiya sai ya bar shafukan da ya rubuta a kan tabarma a ƙofar ɗakina, da kurtun jar tawada da sabon alƙalami a gefe, ya fita zaure. Inna ta dube ni, ta dubi takardun, ta ci gaba da tankaɗenta. Na yi alwala na zauna.

Haka muka ƙulla yarjejeniyar da ba wanda ya taɓa furta ta. Shi ya rubuta ya ajiye, ni in sa wasali ina duba bugaggen Alƙur'ani, in karanta a bayyane kamar mai tilawar kanta. Yana zaure yana ji. In na kuskure sai ya yi gyaran murya, in koma baya in gyara. Ranakun da ba na salla sai aiki ya tsaya, ba mai tambayar wani. Zayyanar kuwa da kamfas ɗin lissafi na makaranta nake fitar da ita, har na riƙa ƙirƙiro wasu tsare-tsaren da ba a taɓa yi a gidanmu ba. A waje ba wanda ya sani. Marubucin da aka ce idonsa ya tafi, ya gama, ba mai sake amincewa da shafinsa, kuma ban da rubutun nan Malam ba shi da wani abin da yake tsaye a kai.

Shekarar da nake magana na riga na gama aji biyar, sakamako ya fito da kyau. Ana saura kwana kaɗan a ga wata, malamin lissafinmu ya aiko da takarda har gida. Za a ɗauki nauyin ɗalibai biyu su karanci zanen gine-gine a jami'a, an tace an bar mu goma sha biyu, za a yi mana intabiyu ranar ashirin da uku ga azumi. Ban san ina son abu ba sai da na riƙe takardar nan. Ni da nake tsayawa in yi ta kallon bakan soron masallaci ina tunanin yadda ƙasa take riƙe kanta a sama ba ta faɗo ba, ga shi an ce akwai makarantar da ake koyar da haka. Inna ta kai wa Malam labari. Amsarsa, "Allah ya zaɓa mafi alheri." A bakinsa wannan izini ne.

Shi kuma yana kan Alƙur'anin da ya yi niyyar bai wa masallacin unguwa ranar rufe tafsiri, saura izu takwas.

Goma ta marmari ta shigo da zafin da ya kashe marmarin tun kwana na biyu. Famfon kan layi ya daɗe da zama abin ɗaure akuya. Rijiyar gidanmu ta ja baya, in ka zura guga sai ya dawo da rabin laka. Mazan layin suka yi gayya suka yashe ta da sassafe, suna fito da baƙin taɓo kwando-kwando, aka samu tsatstsafo kaɗan, gida shida suka dawo kanta. Mata suka tsara layi da kansu, kowane gida tulu biyu kafin hantsi. Ruwan sai an bar shi ya kwanta, a tace da farin ƙyalle, sannan a zuba a randa a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Wanda aka wanke shinkafa da shi a wanke kwanuka, wanda aka wanke kwanuka da shi a yayyafa a tsakar gida don ƙasa ta huce.

Gero kuma ya yi tsada a shekarar. Kunun tsamiyar Inna kullum ƙara zama ruwa-ruwa yake, ita kuwa tana cewa ai haka ya fi kashe ƙishirwa. Tuwon dawa ya koma na alabo, mai danƙo da ɗan tsami, miyar kuka ba nama, sai daddawa da ke ta faman rufa mata asiri. Duk da haka ba a fasa aika kwano maƙwabta ba in la'asar ta yi sanyi, kuma ba kwanon da yake dawowa wayam. Sau da yawa ƙosanmu ne yake zagaya gida uku ya dawo mana a kwanon wasu, mu karɓa mu yi godiya kamar ba mu gane shi ba.

Aikina yana farawa bayan na ɗebo ruwa. In shimfiɗa tabarma a inuwar bango, in bi inuwar tana guduwa ina jan tabarma, har azahar ta cinye ta. Tawada tana daskarewa a bakin alƙalami kafin in gama layi biyu, sai na riƙa ɗiga mata ruwa da tsinke. Ƙudaje suna son ƙaron da ke cikinta, in ɗaya ya taka jan da bai bushe ba ya zagaya shafi, to aikin safiya ya tashi. Nakan sa tsumma a ƙarƙashin hannu saboda gumi, wani kuma a goshi, don ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata aya. Abin da ya fi wuya shi ne karatun a bayyane. Zuwa ƙarfe ɗaya harshe yana manne wa ganɗa, murya ta koma kamar ana jan takarda a ƙasa. Amma in na yi shiru sai in ji gyaran murya daga zaure, ba na kuskure ba, na tambayar ina nake.

Goma ta wuya ta amsa sunanta. Iska ta ɗauke ɗif, ganyen darbejiyar ƙofar gida ko motsi. Kaji suna kwance baki buɗe. Tsofaffi biyu a layinmu aka ba su ruwa da rana tsaka bisa dole. Kullum da yamma hadari zai taso daga gabas, kowa ya fito yana kallon sama, sai ya watse ya bar mu da wani sabon zafi mai ɗanɗanon gishiri. In an samu ƙanƙara, guntu ne a naɗe cikin buhu wanda gida biyu za su raba, a jefa a kwanon sha, Malam ya fara kurɓa, ya zagayo ya iso kaina ta narke sai labarinta. Har yau ban sha abin da ya kai wannan ruwan daɗi ba, da duk firijin da na mallaka daga baya.

A cikin wannan goman na fara tunanin intabiyu da gaske, sai na lura da hannuna. Jar tawada ta kama yatsuna uku na dama, ta shiga ƙarƙashin farce, ta zauna a tsagar fata. Na goge da toka, na goge da lemon tsami, ta ƙi. Duk ɗan birnin da ya ga hannun nan ya kuma ji sunan mahaifina, ya gama karanta labarin. Ana jibi intabiyu na ce wa Inna ina son lalle. Ta ce, "Lallen salla tun yanzu?" Na ce eh. Ta ɗan dube ni, ta kwaɓa, ta ɗaura min har wuyan hannu. Da na wanke, jan lalle ya haɗiye jan tawada, na ji hankalina ya kwanta. Ina ganin na yi dabara.

Ranar ashirin da uku na fita ta Ƙofar Mazugal na hau mota zuwa wani ofishi a bayan gari. Mu goma sha biyu a kan benci, mata mu biyu. Nan na fara gane irin abin da Halima take faɗa yau, don kowa takardar sakamakonsa kamar tawa. Amma wani yaro ya zo da gidan kwali da ya haɗa, har da matakala. Wani ya zo da littafi cike da zanen motoci da masallatai. Wani ɗan magini ne, yana ta maimaita wa kansa yadda zai bayyana ginin azara da Turanci. Ni takardata kawai na riƙo, da hannuwa biyu jajaye da nake ta cusawa cikin mayafi.

Mutum uku ne a bayan tebur: shugaba mai kwat, wata mata mai tabarau, sai na ukun da ban so ganinsa a wurin ba. Malam Habu ne, wanda ya yi karatun allo a zaurenmu yana yaro kafin ya shiga boko ya zama jami'in ilimi. A wajen Ƙofar Ɗan Agundi yake zaune, amma duk salla sai ya zo gaida Malam. Ya san hannun mahaifina kamar yadda ya san nasa.

Tambayoyin lissafi na amsa su tas, matar har ta gyaɗa kai. Sai Malam Habu ya ce da Turanci, "Kin taɓa zana wani abu da hannunki?"

Na ce, "Sai wanda aka sa mu a aji."

"A gida fa? Bayan aikace-aikacen gida, ba wani abin da kike yi?"

"Ba komai."

Fankar sama tana juya iska mai zafi. Shugaban ya duba agogo. Malam Habu ya jingino da tebur, ya saki Turancin ya dawo Hausa, ya sassauta murya.

"Falmata, gidanku gidan alƙalami ne. A ce duk shekarun nan ba abin da ya taɓa hannunki a ciki?"

Ba zan ɓoye ba, haushi ne ya kama ni. Na ce a raina, wato mutumin nan ya ji ƙishin-ƙishin, yana so ya tabbatar a gaban baƙi, a bakin 'yar malaminsa. Zayyanar farkon Suratu Maryam ta tsaya min a ido, wadda na kwana uku ina fitarwa, na san in na kwatanta ta ko a bayan takarda ne, gidan kwalin can ba zai kama ƙafarta ba. Amma na haɗiye maganar da busasshen yawu.

"Malam shi kaɗai yake aikinsa," na ce. "Ba ya buƙatar kowa."

Ya cire hularsa ya share gumi, ya mayar. Ya yi ɗan rubutu. Shugaban ya ce na iya tafiya.

Ina sauka daga mota hadari ya haɗo, wannan karon baƙi ƙirin, ba irin na yaudarar kullum ba. Iska ta taso da ledoji da ƙasa, masu tebur suna ta rige-rigen kwashe kaya. Da gudu na shiga lungunmu, ba don kaina ba, shafuka bakwai na bari a ƙarƙashin rumfa suna shan iska. Na same su Inna ta danne su da faifai, na kwashe na kai ɗaki, ɗigon farko ya sauka a bayan wuyana. Sai ƙamshin ƙasa ya tashi, irin wanda mai azumi yake jin kamar ya tauna. Ruwa ya ɓarke. Indararo ya fara aman jan ruwa mai laka, muka bari ya wanke kansa, sannan muka jera duk abin da yake da ciki a gidan, tun daga baho har tukunyar miya. Ana jin mata daga gida zuwa gida suna kiran juna da barka. Na leƙa zaure na ga Malam a bakin ƙofa, ya miƙa tafin hannu waje ruwa yana dukansa.

Da aka sha ruwa ina ɗaki na ji shi yana tambayar Inna.

"Yarinyar nan ta dawo lafiya?"

"Lafiya lau."

"An yi mata tambayoyi?"

"Ta ce an yi."

"Ta amsa duka?"

Inna ta ɗaga murya, "Wai kin amsa duka?" Na ce na amsa. Ya ce alhamdulillahi har sau biyu. Ranar ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari, abin da bai yi ba tun farkon wata.

Goma ta ɗokin salla ta ƙare cikin sanyin ƙasa da cinnaku. Muka kammala Alƙur'anin ana jibi rufe tafsiri, aka sa shi a sabuwar gafaka aka kai masallaci. Labari ya dawo mana cikin gida cewa dattawa sun yi ta juya shafuka suna cewa hannun Alaramma sai ƙara kyau yake da tsufa. Na ji daɗi har cikin raina, na ce na rufa wa ubana asiri.

Sati biyu bayan salla aka kafe sunaye. Ɗan maginin da mai gidan kwali aka ɗauka. Na yi kukana a bayan ɗaki, na wanke fuska. Malam kuwa ya yi kwanaki ba ya ajiye shafi a ƙofata. Daga baya na shiga kwalejin horon malamai, na yi aure, na koyar da lissafi har yau da nake dab da ritaya. Rayuwar ba ta cuce ni ba. Kuma ba zan rantse cewa da na yi magana ni za a ɗauka ba, wannan sanin na Allah ne.

Malam ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, bakwai daga ciki ba ya gani sam, a lokacin kowa ya sani. Ranar sadakar uku, mutane sun ragu, aka ce wani yana sallama da ni a zaure. Malam Habu ne, ya yi furfura. Muka gaisa, ya yi min ta'aziyya, yana murza carbi ya ce:

"Falmata, sau uku na tambaye ki."

Ban gane ba da farko.

"Ana jibi intabiyun nan Malam ya same ni a gida, da azahar. Daga Koki har Ɗan Agundi, a ƙasa, da azumi a bakinsa."

Na ce, "Wa ya raka shi?"

"Ba kowa. Bango ya riƙa bi. Ya iso gefen rigarsa duk jar ƙasa. Na kawo masa shimfiɗa ya ƙi zama, ya zaro shafi ɗaya daga aljihu ya miƙo min. Ya ce, 'Habu, idona ya tafi shekara biyu ke nan, kai ne na farko da na gaya wa. Jan nan da zayyanar da ake yabo, na yarinyar wajena ne. Ba alfarma na zo nema ba. Ka tambaye ta kawai, za ta faɗa.'"

Malam Habu ya ci gaba.

"Ƙa'idarmu, abin da ɗalibi ya faɗa da bakinsa ko ya nuna shi ake ba wa maki. In ni na faɗa, an ce na yi son kai, kuma asirin ba nawa ba ne. Na buɗe miki ƙofa iya ƙarfina. Bayan an kafe sunaye ya aiko a tambaye ni, na zo na gaya masa amsar da kika bayar. Sannan ya ce kada in gaya miki yana raye."

Na shiga gida na wuce matan da ke zaman makoki, na rufe kaina a ɗaki. Na yi fushi da shi, mutumin da aka binne kwana uku. Ya iya ratsa birni kaf yana lalube, amma ya kasa taka taku goma daga zaure zuwa ƙofar ɗakina ya ce, ki faɗa musu. Na yi fushi da kaina da dabarar lallena. Sannan fushin ya sauka, ya bar ni da son sa irin wanda ban taɓa ji ba yana raye, kuma ba inda zan kai shi.

Duk wannan ya wuce ta kaina ina zaune a tabarmar Halima, tana ta danne-danne tana gogewa. Ban ba ta labarin ba. Na san halin yaran yanzu, za ta ce Allah sarki Gwaggo, ta koma kan Turancinta mai santsi. Ba daga bakina take buƙatar ji ba.

La'asar ta yi sanyi na ji Modu ya dawo daga kasuwa, na fita na tare shi a zaure, daidai inda Malam yake zama. Na ce ya ga aikin da 'yarsa take yi da fankokin mutane?

Fuskarsa ta washe. "Yaya, ai yarinyar nan sai dai a ce masha Allah. Rannan injin maƙwabcina na kasuwa ya ƙi tashi, na kawo mata, kafin a sha ruwa ta tayar da shi. Duk layinmu ba wanda ban ba wa labarinta ba."

"Ita ka taɓa gaya mata?"

Ya yi 'yar dariya yana sosa ƙeya. "Haba Yaya. 'Yar fari ce fa."

"Na sani. Ni ma ita ce. Jibi ake rufe fom ɗin nan, kuma tana can tana rubuta musu cewa ba ta iya komai ba sai surutu. Tashi ka shiga."

Ya dube ni ya ga ba wasa a fuskata. Ya miƙe, ya gyara hula, ya sake gyara ta. Mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, sai ka ce an aike shi gaban alƙali. Na bi bayansa na tsaya a bakin ƙofa.

Ya tsaya a kanta ya rasa inda zai sa idonsa, daga ƙarshe ya ɗora shi a kan fankokin.

"Aikin nan," ya ce, "shi za ki rubuta musu. Duk Koki ba mai hannu irin naki. Na daɗe da sani."

Halima ta ɗago kai, ta waiwaya bayanta ta ga da wa yake.